Buhun PICS: Abin da Na Gani Bayan Shekara Biyu Ina Ajiye Waken Gidana a Cikinsa

Mutum tara ne ke ci daga tukunya ɗaya a gidana, kuma tun da nama ya koma abin da ake gani ranar Juma'a kaɗai, wake ne ya ɗauki nauyin gidan. Da safe ƙosai ko alala, da rana garau-garau ko ɗanwake, wani lokaci kuma faten wake da dare idan tuwo ya gundiri yara. Da muka zauna da uwargida muka yi lissafi, sai muka tarar muna cinye kimanin kwano shida a wata, wato buhu biyu masu kwano arba'in-arba'in za su kai mu shekara har a sami ɗan saura. Wannan lissafi ne ya kai ni ga buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai hana ƙwari, wanda wasu masu shaguna ke kira buhu mai leda biyu, kuma yanzu da na yi shekara biyu ina amfani da shi ina ganin na isa in faɗi inda ya biya ni da inda ya gaza.

Babu mai bukatar a tuna masa yadda rayuwa ta juya tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na rantsuwa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 600 a watan Yuli, sannan ta tsallake 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mai albashi irina ba shi da ikon hana ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ya rage masa kawai shi ne ya duba lokacin da yake sayayya da kuma yawan da yake saye. Kowa ya san awon kwano-kwano a bakin layi ya fi komai cin kuɗi, domin mai awo ya ɗora ribarsa a kan ta dillali, ya ƙara kuɗin mota da na dako, sannan farashin yana tashi tare da watanni, daga arahar kaka zuwa tsadar bazara da tsakiyar damina. Maganin a bayyane yake, a saya da yawa lokacin kaka. Abin da ke hana mutane yin hakan da wake shi ne ƙwari.

Na taɓa gwadawa shekarun baya, kuma ban ji daɗi ba. Na sayi buhu guda na farin wake mai kyau, na jingine shi a sito cikin buhunsa na kasuwa, na zuba busasshen barkono da ganyen darbejiya kamar yadda mahaifiyata ta umarta. Kafin wata uku ya cika, duk ƙwayar da ka ɗauka sai ka ga huji biyu ko uku, ƙasan buhun ya tara gari, idan ka tura hannu ciki sai ka ji ɗumi kamar an rufe garwashi. Rabi muka ci bisa dole, rabi ya tafi ga awaki. Daga baya na fahimci cewa ƙwaron ba daga sitona ya fito ba, tun daga gona yake biyo waken. Macen tana saka ƙwai a jikin wake, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar tana ci, bayan mako uku zuwa huɗu ta fito da fuka-fuki ta saka nata ƙwan, kuma kowace mace gommai take sakawa. Saboda haka buhun da ya shigo gida da 'yan ƙwari kaɗan da ido ba ya gani, kafin azumi ya zagayo ya zama gidansu.

Hanyar da 'yan kasuwa da yawa suka ɗauka ita ce magani, kuma nan ne tsorona yake. Akwai masu jefa ƙwayar Phostoxin cikin buhu, akwai masu yayyafa fiya-fiya ko makamancinsa kai tsaye a kan abin da mutane za su ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa, wanda a wasu kayan ya ninka ƙa'idar da suka amince da ita sau ɗaruruwa. A ƙarshen 2018 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta fitar da gargaɗi bayan da aka ga wasu 'yan kasuwa suna zuba maganin ƙwari na Sniper a kan wake. Tun daga lokacin, idan na ga wake sumul a watan Yuli, babu huji ko ɗaya, maimakon in yi murna sai in tsaya ina tambayar kaina abin da ya tsare shi.

Buhun PICS ba ya bukatar magani ko kaɗan, kuma ƙirarsa ba ta da wani sirri. Buhu uku ne ake sa wani cikin wani: leda biyu masu kauri a ciki, sai buhu saƙaƙƙe irin wanda muka saba gani a waje domin ya kare su ya kuma ba da wurin kamawa. Idan aka ɗaure kowanne daban, iska ba ta shiga ba ta fita. Ƙwarin da ke ciki da ƙwayar waken kanta suna shaƙe 'yar iskar oksijin da ta rage, idan ta yi ƙasa sai ƙwarin su daina ci da hayayyafa, daga bisani su bushe su mutu. Fasahar ta samo asali ne daga aikin Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue da ke Amurka tare da masu bincike a Marwa, arewacin Kamaru, a ƙarshen shekarun 1980, kuma sunan jami'ar ne harafin farko na PICS. A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa buhun a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, cibiyar binciken noma ta IITA mai reshe a Kano ta shiga aikin a Najeriya, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, da ke Maraɗi kuma suka yi gwaje-gwaje masu yawa a Nijar. Ba abin mamaki ba ne da aka fi mayar da hankali kan ƙasashen nan biyu, tunda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin wannan wake a duniya, Nijar na biye da ita. Yadda suka shawo kan manoma ya burge ni: ana tara mutanen ƙauye a cika buhu a ɗaure a gaban kowa, bayan watanni a sake taruwa a buɗe, kowa ya gani da idonsa. Da farko don wake kaɗai aka yi shi, daga baya aka tabbatar yana aiki ga masara da dawa da sauran hatsi.

A watan Nuwamban 2023 na tafi kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano da kuɗin adashin da na kwasa. Na sayi buhu biyu na farin wake sabon ɗauka, sannan na shiga wani shagon kayan noma na sayi buhunan PICS biyu masu cin kilo 100. Kowanne bai kai kuɗin kwano biyu na wake ba a farashin ranar, amma ya ninka kuɗin buhu na gama-gari sau da yawa, kuma na ga mutum biyu sun taya sun ajiye sun tafi saboda haka. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri. Da ya ga ina jujjuya ledar, sai ya ce, "Malam, kafin ka zuba komai ka cika ta da iska ka riƙe bakin ka matsa. In ka ji tana saki, dawo min da ita." Wannan shawara ta fi duk abin da aka rubuta a jikin buhun amfani, kuma har yau ba na zuba hatsi sai na yi ta.

Aikin cikawa ya ɗauke mu yini guda, kuma duk wanda ya ce maka abu ne na minti goma bai taɓa yi ba. Sai da muka shanya waken a tabarma kwana biyu duk da cewa mai sayarwa ya rantse ya bushe, yara suka tsince tsakuwa da ɓawo da guntayen kara, domin tsinke ɗaya mai tsini ya isa ya huda leda ya ɓata aikin gaba ɗaya. Daga nan aka zuba kwano biyu a ledar farko domin ta zauna, aka sa ta cikin ta biyu, aka sa su cikin buhun waje, aka naɗe bakunan uku waje guda, sannan aka ci gaba da zubawa ana girgizawa don kada a bar gurbin iska. Ba a cika shi har baki, sai an bar wajen taƙi biyu. Ledar ciki ake fara matsewa a fitar da iska, a murɗe bakin sosai, a lanƙwasa shi gida biyu, a ɗaure da igiya ko robar tayar keke, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. Kuskuren da na kusa yi shi ne cika buhun a tsakar gida. Kilo 100 ba abin da mutum ɗaya zai ɗaga ba ne, jan sa a ƙasa kuma yana cin ledar. A wurin da zai zauna ya kamata a cika shi, a kan katako, nesa da bango, inda rana ba ta dukansa.

Buhu na farko mun buɗe shi bayan mako shida, na biyu kuwa bai ga haske ba sai a watan Yunin 2024, wato bayan wata bakwai. Uwargida ce ta kwance ɗaurin tana cewa idan ta ga gari to ni zan ci shi ni kaɗai. Waken ya fito fari tas kamar ranar da aka zuba shi. Akwai 'yan matattun ƙwari a sama da gefen leda, akwai ƙwayoyi kaɗan masu huji ɗaya waɗanda nake kyautata zaton da hujinsu suka shiga, amma babu gari, babu ɗumi, babu ko ƙwaro ɗaya mai motsi. Wani ɗan wari na rufaffen wuri ya taso da farko, ya tafi bayan an baza shi a faranti na ɗan lokaci. Ƙosai ya tashi yadda ya kamata, alala ba ta canza ɗanɗano ba. Abu ɗaya da uwargida ta lura da shi shi ne tsohon waken ya fi sabo jinkirin nuna, sai an jiƙa shi ko an ɗan sa kanwa, kuma a zamanin da ake lissafin gawayi da gas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai haka duk waken da ya kwana biyu yake, ko a ina aka ajiye shi, don haka ban ɗora wa buhun wannan ba.

Ta fuskar kuɗi, shekarar farko ta biya ni fiye da yadda na yi zato, kuma gaskiya ba wayona ba ne, yanayin shekarar ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna kilo ɗaya na jan wake ya tashi daga kusan naira 650 a Yunin 2023 zuwa kusan 2,300 a Yunin 2024, fiye da ninki uku, a daidai lokacin da hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. A shekarar ne aka ga mata masu gurasa sun fito zanga-zanga a Kano, mutanen Minna suka tare hanya saboda tsadar abinci, wasu gidajen suka koma cin afafata da a da kifi ake ba wa. Mafi ƙarancin albashi bai koma naira 70,000 ba sai a watan Yuli, kuma ko da ya koma ɗin, a wancan lokaci bai kai rabin kuɗin buhun wake ba. A cikin wannan hali gidana yana cin wake a farashin Nuwamban da ya wuce. Kuɗin buhunan ajiyar biyu sun fita tun a kwano biyun farko da muka ɗiba a watan Yuni, sauran kuma shi ne ya biya kuɗin makarantar yara na zango guda ba tare da na ci bashi ba.

To amma akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya sani, kuma na farkonsu yana cikin asalin ƙirar. An yi buhun ne domin manomi ko ɗan kasuwa da zai rufe amfaninsa ya manta da shi har farashi ya tashi. Gida kuwa kullum ɗiba yake yi, kuma duk buɗewa ɗaya sabuwar iska ce ke shiga. Idan aka mayar da shi kamar buhun shinkafa da ake tura kwano ciki safe da yamma, amfaninsa ya ƙare, ga kuma bakin ledar da ke yin laushi saboda yawan murɗawa da kwancewa. Dabarar da muka yi ita ce a buɗe sau ɗaya a wata, a ɗebi kwano shida a zuba a jarka, a matse iska a sake ɗaurewa nan take. Da buhun ya yi ƙasa da rabi sai matse iskar ya ƙara wuya, domin leda ta yi yawa hatsi ya yi kaɗan. Da zan sake farawa, masu cin kilo 50 zan saya guda huɗu maimakon manya biyu, ko da kuɗin zai ɗan fi, domin sun fi sauƙin ɗagawa kuma kowanne yana ƙarewa kafin a gaji da buɗe shi. Matsalar ita ce ƙananan ba su cika samuwa a shaguna ba, manyan ne suka fi yawa tunda su manoma ke nema.

Na biyu shi ne ɓera. Ana cewa tunda ƙanshin hatsi ba ya fita, ɓeraye ba su cika damuwa da buhun ba, kuma a sitona haka abin ya kasance. Amma leda leda ce, haƙorin gafiya ba ya jin kaurinta, kuma huji ɗaya ya isa ya mayar da shi buhu na gama-gari ba tare da mai shi ya sani ba. Wanda gidansa ke da ɓeraye ya fara magance su tukuna, ya kuma riƙa zagaya buhun yana dubawa akai-akai.

Na uku kuwa laifina ne, kuma ina faɗinsa ne don kada wani ya maimaita. Ganin nasarar wake ya sa a kakar 2024 na ƙara da masara, na saye ta da wuri tana da sauran danshi saboda a lokacin ta fi araha, na ɗaure ta ba tare da na shanya ba. Bayan wata biyu na buɗe na tarar saman ya dunƙule, ga tsami, ga funfuna a gefe. Buhun da ke hana iska shiga yana kuma hana danshi fita, abin da ka rufe da shi shi za ka tarar. Kusan kwano goma na zubar, domin masara mai funfuna ba abin da za a ba yara ba ce, ko kaji ban yarda in ba su ba. Daga baya wani malamin gona ya nuna min gwaji mai sauƙi: a sami kwalba busasshiya, a zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza a bar shi na ɗan lokaci, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to hatsin bai bushe ba. Tsofaffi kuma da haƙori suke gwadawa, ƙwayar da ta bushe tana fashewa da ƙara, mai danshi tana lotsawa.

Sai batun jabu, wanda ya fi komai ɓata min rai. A wannan kakar ta biyu na tsaya a wani shago daban da ya fi kusa da inda na ajiye mota, aka ba ni buhu mai leda biyu a kusan rabin farashi, yaron shagon yana cewa, "Alhaji, duk ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta." Da na isa gida na haɗa shi da tsohon nawa sai bambancin ya fito fili. Ledar sirara ce har ana ganin yatsa ta cikinta, ɗinkin ƙasan kuma ya buɗe tun a gwajin iska. Araha ba ta ado. Na gaskiyar ledarsa tana da kauri da ɗan tauri a hannu, kuma akwai tambari da zanen yadda ake amfani da shi a jikin buhun waje, ko da yake tambari ma ana iya kwaikwayonsa, shi ya sa gwajin iska a gaban mai shago ya fi komai tabbas.

Mutane da yawa sun tambaye ni me ya sa ban tsaya ga jarka ba, tunda ita ma idan aka cika ta aka toshe bakin da leda aka ɗaure murfin, aikin ɗaya ne, kuma iyayenmu mata sun daɗe da gano haka. Tambaya ce mai kyau, kuma ban ce buhun ya fi jarka ta kowace fuska ba. Jarka ba ta tsoron ɓera, tana shekaru ba ta lalace ba, yaro ma yana iya ɗaukarta, kuma girmanta ya yi daidai da cin wata guda. Sai dai jarkar mai ta lita 25 kwano takwas take ci ko ƙasa da haka, kenan buhu ɗaya yana bukatar biyar, shekarar gidana kuma goma. Kuɗin jarka goma ya ninka na buhu biyu nesa ba kusa ba, ga cin wuri, ga wahalar wanke maiƙo da jiran ta bushe sarai, ga ɗurawa ta ƙaramin baki. Ra'ayina shi ne gidan da ba ya cin fiye da rabin buhu a shekara ya tsaya ga jarka, ba ya bukatar PICS. Daga buhu ɗaya zuwa sama, buhun ya fi araha, jarka ɗaya ko biyu kuma su zama na ɗiban wata.

Shekara ta biyu ce ta koya min iyakar abin. Na sake sayen buhu biyu na wake a ƙarshen 2024 ina jiran farashi ya tashi kamar yadda ya saba, sai ya ƙi tashi. Gwamnati ta riga ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 tun a watan Yulin 2024, damina ta yi kyau a wurare da yawa, naira ta ɗan tsaya, sai farashin hatsi ya riƙa sauka cikin 2025 maimakon hawa. Akwai watannin da kwanon da nake ci daga sitona ya fi na bakin layi tsada idan aka yi lissafin abin da na biya. Manoma da 'yan kasuwar da suka tara kaya da yawa sun ji jiki ƙwarai, nawa ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da nasu. Duk da haka kuɗina ya kwanta a sito wata da watanni, alhali da yana hannu da ya toshe wata kafar. Buhun ya cika alƙawarinsa, waken ya fito lafiya kamar na bara, amma alƙawarinsa na tsare hatsi ne daga ƙwari, bai taɓa cewa zai tsare farashi ba. Abin da na samu a wannan shekara shi ne kwanciyar hankalin sanin cewa babu magani a abincin yarana, da kuma rashin jin "wake ya ƙare" a ranar 20 ga wata lokacin da aljihu ya bushe. Waɗannan suna da daraja a wurina, amma ba zan kira su ribar kuɗi ba.

Wani abokin aikina ya taɓa yi min ba'a cewa na shiga sahun masu ɓoye abinci, yana tuna min yadda hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau a Fabrairun 2024. Na ce masa wanda ya tara dubban buhuna yana jiran mutane su galabaita kafin ya fitar daban yake da magidancin da ya ajiye abincin iyalinsa na shekara, abin da malamai suka tabbatar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa iyalansa. Rumbun da ke bayan kowane gida a ƙauyukanmu ma aikinsa kenan, zaman birni da gidan haya ne suka raba mu da shi.

Wanda wannan buhu ba zai yi wa amfani ba shi ne wanda ya fi kowa bukatar sauƙi, kuma wannan ne abin da ke damuna game da duk shawarar da ake bayarwa ta sayen sari. Mai tura baro ko ɗan acaɓa da ke ciyar da gida da abin da ya samu a yini ba shi da kuɗin buhu guda a watan Nuwamba, komai arahar sa, kuma mai ɗaki ɗaya a gidan haya ba shi da inda zai jingine kilo 100. Hanyar da na ga ta yi aiki a unguwarmu ita ce irin ta watanda: gida huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi buhu biyu, aka ajiye a sito ɗaya wurin wanda aka amince da shi, ana buɗewa farkon kowane wata a auna wa kowa rabonsa a gaban juna. Wasu kuma sun tsara adashinsu yadda kwasar mai bukatar hatsi za ta faɗo a lokacin kaka. Hakan na bukatar amana da rubuta lissafi, kuma na san inda aka yi shi ya ƙare da ɓacin rai saboda wani ya riƙa ɗiba a tsakiyar wata.

Game da ƙarko, ana cewa buhu ɗaya yana iya yin kaka uku idan an kula da shi. Daga cikin biyun da na saya a 2023, ɗaya ya ci gwajin iska a karo na uku, ɗayan kuma ledar cikinsa ta sami ƙananan huji kusa da baki, inda ake yawan murɗawa. Na liƙe su da salatif mai faɗi na mayar da ita ta zama leda ta biyu, amma ban amince in ba ta wake ba, gero na zuba mata tunda shi bai kai wake jan ƙwari ba. Bana buhu ɗaya da rabi kawai na saya maimakon biyu, na samo ƙananan buhuna biyu bayan na zagaya shago huɗu, sauran kuɗin adashin kuma na bar shi a hannu har in ga inda farashi zai nufa bayan sallah.